Naɗi da tuɓewa: sarauta da dimokuraɗiyya a tarihin ƙasar Hausa ta Nijar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin shirya ɗan littafin koyon zaman ɗan ƙasa da Hausa ya san wuyar da ke cikin babin mulki. Da zaran an rubuta kalmar dimokuraɗiyya, sai ɗaliban yaƙi da jahilci su tambaya: shin ita ta fi, ko sarautar da muka gada? Malamin aji ba ya iya kauce wa tambayar, kuma amsar da littafi ya sa masa a baki ita zai maimaita a ƙauyuka da yawa. Saboda haka ya kamata amsar ta tsaya bisa tarihi. Ra'ayin da za mu kare a nan shi ne, ma'aunin da ya fi dacewa a auna tsarin mulki da shi shi ne hanyar raba mai mulki da mulkinsa: wa ke da ikon yin haka, yaushe, kuma da zubar da jini ko babu. Za mu bi wannan ma'auni cikin tarihin Maraɗi da Gobir da Damagaram da Arewa, kana zamanin Nasara, kana zamanin jamhuriya.

2. Abin da kalmomi suke faɗi

Kalmomin mulki na Hausa ba daga tushe ɗaya suke ba. Sarki da sarauta tsofaffi ne cikin harshe, kuma ma'anarsu ta fi faɗin ta “roi” ta Faransanci, domin akwai sarkin pawa da sarkin maƙera da sarkin noma. Sarauta a Hausa matsayi ne mai suna da aiki da iyaka, wanda ake ba mutum. Mulki kuwa daga Larabci aka aro shi, daga saiwar da ta ba mu mallaka, shi ya sa mulkin mallaka ya zauna daidai a bakin mutane da ake neman sunan mulkin Turawa. Siyasa ma Larabci ce, kuma kafin zuwan jam'iyyu ma'anarta lallashi ce da sassauci, kamar yadda har yanzu mai saye ke roƙon mai sayarwa ya yi masa siyasa. Ƙuri'a asalinta abin da ake jefawa ne domin raba rabo. Dimokuraɗiyya kalmar Girkanci ce, amma harafin ɗ da ƙarshen -iyya suna nuna ta hanyar Larabci ta iso mu. Ƴanci, ko ɗiyauci a karin harshen yamma, daga ɗa yake: halin wanda ba bawa ba.

Aikatau biyu ne suka fi jan hankalinmu: naɗa da tuɓe. Dukansu na tufafi ne. Ana naɗa rawani, ana tuɓe riga, kuma da su harshe yake faɗin shiga sarauta da fita daga cikinta. Wannan na nuna cewa tun da can Bahaushe ya ɗauki sarauta abin da ake sa wa mutum, ana kuma iya cire masa. Sai dai kusan kullum da lamirin an ake faɗinsu: an naɗa wane, an tuɓe wane. Lamirin yana ɓoye mai aikin. Aikin mai tarihi shi ne ya gano, a kowane zamani, ko su wa ke bayan wannan an.

3. Maraɗi da Gobir: sarki da majalisarsa

Sarakunan Hausa na dauri ba su yi mulki su kaɗai ba. Tarihin Kano ya danganta kafa Tara ta Kano ga Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda a zamaninsa ne Al-Magili ya rubuta littafinsa kan wajiban sarakuna. Gobir ma tana da majalisarta ta mutum tara, kuma tana da Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabancin bori, maganarta kuwa da nauyi a fada.

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya zo da suka mai tsanani. Cikin Kitabul Farƙi an jera laifuffukan sarakunan Hausa, ciki har da riƙon mulki ta hanyar gado da ƙarfi ba tare da shawara ba, da karɓar haraji da gaisuwar da shari'a ba ta yarda da su ba. Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Yunfa. Abin lura shi ne, daular da ta maye gurbinsu ita ma gado ta koma wa: Muhammadu Bello ya gaji mahaifinsa a 1817, kuma gidajen masu tuta suka zama gidajen sarauta.

Zuriyar sarakunan Katsina da suka tsere arewa sun sami mazauni a Maraɗi wajen 1819, bayan da mutanen wurin suka yi wa wakilin Fulani tawaye suka kira Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tsarin Maraɗi shi ne wanda muka fi sani, domin M. G. Smith ya bayyana shi cikin nazarinsa kan zamanin Ɗan Baskore, wanda ya sa tsakanin 1854 da 1875. A can akwai manyan sarakai huɗu da ake kira rukuni: Ƙaura, shugaban yaƙi, Galadima, wanda baba ne, mai kula da al'amuran gari da fada, Ƴandaka, da Durbi, wanda ake dangantawa da tsohon gidan Durɓawa. Su ke zaɓen sarki daga cikin ƴan sarki. Shi kuma sarki shi ke naɗa su. Kowane ɓangare na riƙe da igiyar ɗaya, kuma idan bakin rukuni ya zo ɗaya suna iya juya wa sarki baya, sarautarsa ta ƙare. Ga kuma Iya, takwarar Inna ta Gobir.

Wannan tsari ya yi aiki muddin akwai daidaito tsakanin mutanen huɗu, da kuma sarki mai nasarar yaƙi kamar Ɗan Baskore. Bayan rasuwarsa daidaiton ya rushe. Sarakuna suka riƙa hawa suna sauka cikin ɗan lokaci, har a ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya zamanto shi ke naɗawa shi ke tuɓewa, tun da dawaki da mayaƙa suna hannunsa. Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa, inda wani reshe na gidan ya kafu. Darasin a fili yake: majalisa tana iya taka wa sarki burki, amma idan makamai suka taru a hannun mutum ɗaya cikin majalisar, shi ke zama an ɗin da ke naɗi da tuɓewa.

Talaka fa? Ba shi da kujera cikin rukuni ko cikin tara. Hanyoyinsa uku ne: ya kai kuka ta bakin ubangidansa ko malami, ya yi ƙaura, ko ya yi bore. Ƙaura ita ce mafi ƙarfi, domin a zamanin da daji ke da yawa mutane kaɗan, arzikin sarki yawan jama'arsa ne, kuma gari da ya watse haraji ne da ya tafi ga maƙwabci. Karin maganar da ke cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a nan take da gindi. Sai dai wanda ya yi ƙaura ya bar gonarsa da kabarin iyayensa, bawa kuwa ko wannan hanya ba shi da ita sai ta gudu.

4. Damagaram da Arewa

Damagaram wata hanya ta bi. Ƙasa ce da ke bin Barno, kuma cikin rabin farko na ƙarni na 19 Shehun Kukawa na sa hannu cikin rikicin gado, kamar wanda aka yi tsakanin Ibrahim da ƙanensa Tanimun. Da Tanimun ya zauna sosai (1851–1884), sai ya tattara iko a fada. Ya gina ganuwar Zinder, ya sa aka ƙera igwa a cikin birni, ya dogara ga bayin sarki wajen riƙon manyan muƙamai, ya faɗaɗa ƙasa, ya raya fatauci da Tarabulus. André Salifou ya ba da labarin wannan daula cikin littafinsa na 1971. Masu goyon bayan sarauta suna da hujja a nan: shekara 33 na mulki ɗaya sun ba da damar ayyukan da ba a gama su cikin shekara biyar. Amma kuɗin ayyukan daga yaƙi da cinikin bayi da haraji suka fito, kuma waɗanda suka biya ba a tambaye su ba.

A Arewa, wajen Dogon Dutsi, akwai wani salo dabam. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji shugabanni ne na addinin gargajiya da ƙasa, kuma ta hanyar tarkama ake gano magajinsu: a ɗauki gawar wanda ya rasu, inda ta nufa da masu ɗaukarta can sarauta ta faɗa. A nan mutane sun ɗora zaɓen bisa abin da ya fi ƙarfin mutum domin kauce wa gardama. Ambaton wannan yana da amfani domin kada a ɗauka cewa ƙasar Hausa salo ɗaya ta sani. Sarautar gargajiya sunan abubuwa ne masu yawa, daga fadar Zinder mai igwa zuwa bukkar Lugu.

5. Zamanin Nasara

Turawan Faransa sun ci Damagaram a Tirmini a watan Yuli na 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga ba da jimawa ba. Suka naɗa Amadu ɗan Basa, suka tuɓe shi a 1906 bisa zargin makirci suka kai shi gudun dole, suka ɗora Ballama, baban fada, a kan birni. Sai a 1923 suka mai da sarautar ga gidan da naɗin Barma Mustafa. Wannan labari ya isa ya nuna canjin da ya auku ko'ina: ikon naɗi da tuɓewa ya fita daga hannun majalisun sarakai ya koma hannun gwamna da kumandan.

Nasara sun yanka ƙasa kanton kanton, sun sa sarki a kan kowane, har a wuraren da ba su taɓa sanin sarki mai irin wannan iko ba. Aikin sarkin shi ne tara lanho, da ba da mutane domin aikin tilas da soja. Wanda ya cika lissafi ya zauna, ko da talakawansa na kuka. Wanda ya kasa ya sauka, ko da suna son sa. Tsoron sarki ya juya sama. Ƙaura kaɗai ta rage wa talaka, kuma da yawa sun yi ta zuwa ƙasar Ingilishi, a hayin iyakar da aka ja tsakanin Maraɗi da Katsina. Sai a 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ba kumandan ikon hukunta ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba.

Wannan batu yana da muhimmanci ga gardamarmu. Sarautar da mafi yawan tsofaffi suka gani da idonsu, wadda suka ba ƴaƴansu labarinta, ita ce ta zamanin kanton. Wanda ya yabi sarauta yana tuna Ɗan Baskore, da wanda ya zarge ta yana tuna mai tara lanho, ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

6. Zamanin jamhuriya

Dokar 1956 ta ba kowane baligi, namiji da mace, ƴancin jefa ƙuri'a. Djibo Bakary na Sawaba ya shugabanci gwamnatin farko a 1957. A zaɓen raba-gardama na 28 ga Satumba 1958 ya nemi a ce a'a ga tsarin De Gaulle. Gwamna Colombani da mafi yawan manyan sarakuna suka tsaya ga i, kuma i ta ci. Ƙuri'a ta zo, amma a wurare da dama sarki ne ya faɗa wa talakawansa inda za su jefa ta. An kafa jamhuriya a 18 ga Disamba 1958, aka haramta Sawaba a 1959, aka sami ƴancin kai a 3 ga Agusta 1960. Diori Hamani ya yi takara shi kaɗai a 1965 da 1970. Zaɓen da ba shi da ɗan takara na biyu yana iya naɗawa, amma ba ya iya tuɓewa. Soja suka yi wannan aikin a 15 ga Afrilu 1974, cikin yunwar fari, Seyni Kountché ya hau.

Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai a 9 ga Fabrairu 1990, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka tilasta babban taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin shugabancin André Salifou, marubucin tarihin Damagaram. Kafin taron, a 13 ga Mayu 1991, mata sun yi jerin gwano suna neman a ƙara musu kujeru cikin kwamitin shirya shi. A 1993 Ali Saibou ya miƙa mulki ga Mahamane Ousmane wanda aka zaɓa. A Janairu 1995 masu ƙuri'a suka ba ƴan adawa rinjaye a majalisar dokoki, shugaban ƙasa da firaministansa suka kasa aiki tare, Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki a 27 ga Janairu 1996. Shi ma aka kashe shi a 9 ga Afrilu 1999.

Mamadou Tandja ya ci zaɓe a 1999 da 2004. A zamaninsa majalisar dokoki ta sauke gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'ar rashin amincewa a 31 ga Mayu 2007, ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Amma da wa'adinsa na biyu ya kusa cika, sai aka fito da kalmar tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta, ya rushe majalisa ya rushe kotun, ya yi zaɓen raba-gardama a 4 ga Agusta 2009. Soja suka kifar da shi a 18 ga Fabrairu 2010. Mahamadou Issoufou ya yi wa'adi biyu ya miƙa wa Mohamed Bazoum a 2 ga Afrilu 2021, karo na farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe. A 26 ga Yuli 2023 soja suka sake karɓar mulki a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, kuma a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa.

Lissafin shi ne: juyin mulki biyar tsakanin 1974 da 2023, kuma ba a taɓa kayar da shugaba mai ci a akwatin zaɓe ba. Sarauta kuwa ta tsallake waɗannan zamunna duka. Dokar 1993 ta sa masu gari su riƙa zaɓen sarkin kanton daga cikin ƴan gidan sarauta, gwamnati ta tabbatar. Ikon tuɓewa ya zauna a hannun gwamnati, kamar yadda aka gani da aka sauke Sarkin Damagaram Abubakar Sanda a 2001 aka mai da shi a 2011.

7. Hukunci

Sarauta tana da abubuwa uku da ba a musu: daɗewa, kusanci da jama'a, da harshe. Sarki na sasanta rikicin gona da na makiyaya da manoma cikin harshen masu rikicin, a ƙofar da kowa ya san hanyarta. Amma a kan ma'auninmu tana da rauni biyu. Ikon tuɓewa yana hannun mutane kaɗan, kuma ba shi da rana. Mugun sarki sai a jira mutuwarsa, ko makircin fada, ko yaƙi. Nagartar mulki ta dogara ga halin wanda gado ya kawo, kuma gado ba ya tantance hali.

Dimokuraɗiyya ta ɗauki aikin rukuni ta raba shi ga kowane baligi, ta kuma yanka masa rana. Ta nan ta fi, kuma wannan shi ne hukuncinmu: a matsayin tsarin mulkin ƙasa, ta fi sarauta, domin ita kaɗai ce ta ba talaka hanyar sauke mai mulki ba tare da ya bar gonarsa ko ya ɗauki baka ba. Abubuwan da suka auku a 1993 da 1995 da 2007 da 2021 sun nuna cewa hanyar na iya aiki a wannan ƙasa. Abubuwan 1965 da 2009 sun nuna yadda mai mulki ke toshe ta, kuma juyin mulki biyar sun nuna cewa matsalar da Maraɗi ta sani a zamanin Ƙaura Hasau, watau rinjayen mai makami a kan sauran majalisa, ba ta tafi da zuwan jamhuriya ba.

8. Abin da ya shafi aikinmu

Haƙƙin da mutum bai san sunansa ba, ba ya tashi kare shi. Kundin tsarin mulkin da aka yi daga 1960 zuwa 2010 duk da Faransanci aka tsara su, alhali waɗanda suka iya karatu cikin manya ba su kai rabi ba. Sarki na magana da talaka kai tsaye, jamhuriya kuwa ta bakin tafinta take magana. An yi ƙoƙari: taron Bamako na 1966 kan ƙa'idojin rubutu, makarantar gwaji mai harshe biyu da aka buɗe a Zinder a 1973, dokar 2001 da ta amince da harsunan ƙasa goma. Kundin da aka fitar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya sa Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ƙara nauyi a kan masu aikin kalmomi, tare da wajibcin yin irin aikin ga Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Kanuri da sauran harsuna.

Shawarwarinmu uku ne. Na farko, kada littafi ya tsaya ga fassara dimokuraɗiyya da mulkin jama'a, domin kowane mai mulki cewa yake da sunan jama'a yake yi. A bayyana ta da naɗa da tuɓe da wa'adi, kalmomin da ɗalibi ya riga ya mallaka. Na biyu, a kula da bambancin zaɓe da mubaya'a, da na wakili da ubangida, domin inda aka gauraya su mai ƙuri'a yana ɗaukar kansa bara. Karin magana irin bin na gaba bin Allah a kawo ta cikin aji a tattauna ta tare da ta sarkin yawa. Na uku, cikin jimlolin darasi a guji lamirin an inda ake maganar iko. A rubuta majalisa ta sauke, kotu ta hana, masu ƙuri'a sun zaɓa, soja sun kifar, domin mai koyon karatu ya saba da tambayar wa ya yi, kuma da wane izini.